Karatun Tattalin Arzikin Talauci da Bunƙasa: Tambayoyi da Amsoshi ga Ɗaliban Arewacin Kamaru da Cadi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin ɗalibai masu shirin rubuta bak, wato jarrabawar kammala sakandare, da waɗanda suka riga suka shiga jami'a a Marwa, Garwa, Ngaundere ko Njamena, da kuma iyayen da ke son sanin inda kuɗin makarantar zai kai ɗansu.

Mene ne wannan fannin, kuma me ya raba shi da tattalin arziki na gama-gari?

Reshe ne na ilimin tattalin arziki da ya keɓanta da tambayoyi biyu. Ta farko: me ya sa wasu ƙasashe da wasu gidaje suke cikin rashi, wasu kuma suka fita? Ta biyu: a cikin duk abin da gwamnati ko ƙungiya za ta iya yi da kuɗin da ke hannunta, wanne ne yake rage rashin da gaske?

Kayan aikin ɗaya ne da na sauran masana tattalin arziki, wato mikro (nazarin gidaje da kamfanoni), makro (nazarin tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya) da ƙididdiga. Bambancin yana wajen da ake aiki da su. A nan manomi shi ne mai gona, shi ne lebura, shi ne kuma mai cin abin da aka noma. Bashi daga maƙwabci ko adashe yake fitowa, ba daga banki ba. Inshorar gida ita ce akuyar da ke ɗaure a bayan ɗaki. Ciniki mai yawa yana ratsa iyaka ba tare da ya shiga littafin kwastan ba. Ka'idar da aka gina a kan ma'aikaci mai albashin wata ba ta zama daidai a kan mai noman masakwa, dawar rani, a Diyamare sai an yi mata gyara, kuma wannan gyaran shi ne rabin karatun.

Talauci ai da ido ake ganinsa. Me kuma ake aunawa?

Ido yana ganin gida ɗaya. Ba ya iya faɗa maka ko Mayo-Tsanaga ta fi Logon-da-Shari yawan matalauta, ko bana ta fi bara sauƙi. Don haka ake awo, kuma matakansa sanannu ne.

Ana zaɓen gidaje dubbai ta hanyar ƙuri'a daga taswirar ƙidaya. A kowane gida ana tambayar abin da aka ci da abin da aka kashe, ba abin da aka samu ba, domin ɗan kasuwa ko manomi bai cika sanin kuɗin shigarsa na shekara ba, amma uwargida ta san kwano nawa na dawa aka auna a makon. Abin da gida ya noma ya ci da kansa ana yi masa kuɗi da farashin kasuwar yankin. Wanda ke zaune a gidansa na kansa ana ƙiyasta masa kuɗin haya. Sai a raba jimillar da yawan mutanen gida, a daidaita da bambancin farashi tsakanin yankuna, tunda sefa dubu a Duwala da sefa dubu a Mokolo ba abu ɗaya suke saya ba.

Daga nan sai a ja iyaka: kuɗin abincin da zai ba mutum ƙarfin da jikinsa ke buƙata a yini, a ƙara da mafi ƙarancin kuɗin sutura, muhalli da magani. Wanda ya faɗo ƙasa da wannan iyaka shi ake lissafawa matalauci. A binciken gidaje na huɗu, ECAM4, na 2014 da hukumar ƙididdiga ta Kamaru, INS, ta gudanar, iyakar ita ce sefa 931 a yini ga baligi ɗaya, wato 339,715 a shekara.

Akwai kuma ma'aunin da ba na kuɗi ba, wanda aka fara wallafawa a 2010. Yana duba abubuwa goma a fannin lafiya, ilimi da yanayin zama, kamar ruwan sha, makewayi, makamashin girki da zuwan yara makaranta. Tushen wannan tunani na Amartya Sen ne, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1998.

Me alƙaluman ke cewa game da yankinmu?

A Kamaru, kason matalauta ya sauka daga 40.2 cikin ɗari a 2001 zuwa 39.9 a 2007, sannan 37.5 a 2014. Mai kallon wannan layi kaɗai zai ce ana samun sauƙi a hankali. Amma a buɗe shi yanki-yanki: a 2014 Duwala tana da kashi 4.2, Yawunde 5.4, Adamawa 47.1, jihar Arewa 67.9, Arewa Mai Nisa kuwa 74.3, alhali a 2007 tana 65.9. Ke nan a shekarun da alƙaluman ƙasa ke sauka, na Marwa da kewayenta hawa suke yi. Yawan matalautan ma a ƙidaye ya ƙaru daga miliyan 7.1 zuwa 8.1 tsakanin 2007 da 2014, saboda jama'a sun fi saurin ƙaruwa a kan saukar kason, kuma fiye da rabinsu suna jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa.

A Cadi hukumar ƙididdiga ta INSEED ce ke gudanar da binciken gidaje mai suna ECOSIT. Kason ya sauka daga kusan 55 cikin ɗari a 2003 zuwa 46.7 a 2011, sannan 42.3 a binciken 2018 zuwa 2019.

Gargaɗi ɗaya da ɗalibai ke yawan tsallakewa: kafin a jera alƙaluman bincike biyu a teburi ɗaya, a karanta babin da ya bayyana hanyar aikin. In an canja takardar tambayoyi, ko kwanakin da ake sa mutum ya tuna abin da ya kashe, ko yadda ake ƙirga yara, to lambobin biyu ba sa kwatantuwa kai tsaye. ECAM5, binciken da ya biyo bayan na 2014, ta zo da sabuwar hanya, don haka ba a ɗora sakamakonta a kan na ECAM4 haka kawai a ce talauci ya hau ko ya sauka.

Me ya sa malamai ba sa yarda da kason matalauta shi kaɗai?

Saboda ana iya yi masa wayo. Ga misali na koyo. A ce mutum biyar ne, suna kashe sefa 500, 800, 900, 1,200 da 2,000 a yini, iyaka kuma 931. Uku suna ƙasa, kason matalauta 60 cikin ɗari. Yanzu wani shiri ya ƙara wa mai 900 sefa 40 kacal. Ya haye iyaka, kason ya faɗo zuwa 40, an rubuta rahoton nasara, mai 500 kuwa ko sisi bai gani ba.

Shi ya sa ake ƙara ma'auni na biyu, zurfin talauci. A lissafa giɓin kowa: 431, 131 da 31. Jimilla 593. A raba da 931, a sake rabawa da mutum biyar, ya ba da kusan kashi 13. Bayan ƙarin sefa 40 ɗin nan, zurfin da kyar ya motsa zuwa 12, sai asirin shirin ya tonu. Ma'auni na uku yana ninka kowane giɓi da kansa kafin a haɗa, don wanda ya fi nisa da iyaka ya fi nauyi. Waɗannan ukun su ne ma'aunan Foster, Greer da Thorbecke na 1984, kuma da wuya a yi jarrabawar wannan darasi ba su fito ba.

Dala uku a yini da Bankin Duniya ke faɗa fa?

Wannan don kwatanta ƙasashe aka yi ta. Dala 1.90 ce daga 2015, ta koma 2.15 a 2022, sannan dala 3 a 2025. Ba a canja ta zuwa sefa da farashin 'yan canji. Ana amfani da ƙimar abin da kuɗi ke iya saya a kowace ƙasa. In bincikenka a kan Kusiri ne ko Mundu, iyakar talauci ta ƙasar ce abin aikinka.

Ana cewa arzikin ƙasa ya bunƙasa, mu kuma ba mu gani a tukunya ba. Ƙarya ake yi?

Ba lallai ba. Abu uku ke haddasa haka. Na farko yawan jama'a. Akwai lissafi mai sauƙi: raba 70 da saurin bunƙasa, ka sami shekarun da abu zai ninka. In tattalin arziki na ƙaruwa da kashi 4 a shekara, jama'a da kashi 3, rabon kowane mutum kashi 1 kawai yake ƙaruwa, sai ya yi shekara 70 kafin ya ninka. In bunƙasar ta kai kashi 7, rabon mutum na hawa da 4, ya ninka cikin shekara 18 ko ƙasa. Tazarar 4 da 7 a takarda kamar ba komai ba, amma a rayuwa ita ce tsakanin jika ya ga canji da uba ya gani da idonsa.

Na biyu, wane ɓangare ne ya bunƙasa. Cadi ita ce darasin da ya fi kusa. An fara fitar da man Doba a 2003 ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kiribi, kuma a 2004 tattalin arzikin ƙasar ya haura da fiye da kashi 30 a shekara ɗaya. Amma rijiyar mai ba ta ɗaukar ma'aikata da yawa, mafi yawan jama'a kuwa noma da kiwo suke yi. Kuɗin mai ba ya isa ga manomi sai ta hannun baitulmali. Dokar rabon kuɗin mai ta 1999 ta tanadi a ajiye kashi 10 saboda na baya, wato masu zuwa nan gaba, a zuba mafi yawan saura a lafiya, ilimi, hanyoyi da raya karkara, a ba yankin da ake haƙo man kashi 5. An sauya dokar a ƙarshen 2005, aka soke asusun na baya, Bankin Duniya ya janye daga shirin a 2008. A 2014 ƙasar ta ci bashi mai nauyi daga kamfanin Glencore da jinginar ɗanyen mai, farashi ya faɗi a wannan shekarar, aka shiga tsuke bakin aljihu. A 2021 Cadi ce ƙasa ta farko da ta nemi a sake tsara mata bashi a ƙarƙashin sabon tsarin ƙasashen G20. Ɗalibin da ya fahimci wannan zango ɗaya da kyau ya riga ya karanta rabin darasin albarkatun ƙasa.

Na uku rabo. Ma'aunin Gini, mai auna rashin daidaito a rabon arziki, a Kamaru ya hau daga 0.39 a 2007 zuwa 0.44 a 2014, wato abin da aka samu ya fi taruwa a hannun na sama da kuma biranen kudu.

To me ya sa wasu ƙasashe suka yi arziki, wasu ba su yi ba?

Babu amsa guda da masana suka haɗu a kanta, kuma duk malamin da ya ba ka ɗaya tak ya rage maka karatu. Arthur Lewis ya ce sirrin shi ne hannaye su tashi daga noman da ba ya biya su koma masana'antu. Robert Solow ya nuna tara injuna kaɗai yana da iyaka, ƙwarewa da fasaha ke ɗorar da bunƙasa. Acemoglu, Johnson da Robinson, masu Nobel ta 2024, sun ɗora nauyin a kan hukumomi: shari'a, haƙƙin mallaka, da wanda ke iya taka wa mai mulki burki. Wasu kuma suna nuna taswira. Jirgin ƙasa daga Duwala a Ngaundere ya tsaya tun 1974. Daga nan kaya sai a bayan tirela har gadar Ngeli da ke tsakanin Kusiri da Njamena, kusan kilomita 1,800 daga teku zuwa Njamena, kowane shinge da kuɗinsa. Wannan ma bayani ne, kodayake Botswana ba ta da teku kuma ta ci moriyar lu'ulu'unta.

Muhawarar sefa tana nan ita ma. An ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, wanda ke danne hauhawar farashi, amma yana hana ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, rage darajar kuɗinsu in kayan da suke fitarwa sun faɗi. Sau ɗaya aka karya ta da rabi, a Janairun 1994, kuma dattawan ma'aikata a Garwa har yau suna tuna yadda ta same su bayan an riga an zaftare albashi a 1993. Ra'ayinmu shi ne ɗalibi ya iya kare kowane ɓangare da alƙaluma kafin ya zaɓi nasa.

Yaya ake gane cewa wani shiri ya yi amfani?

Wannan ita ce zuciyar fannin a yau. Tambayar kullum ita ce: da ba a yi shirin ba, me zai faru? Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwatanta kafin da bayan. An raba taki a wani ƙauye, amfanin kadada ya tashi daga buhu 10 zuwa 14, sai a ce taki ya kawo buhu 4. To in damina ce ta yi kyau fa? A duba ƙauyen maƙwabta da bai sami taki ba: ya tashi daga 9 zuwa 12. Ruwan sama ya ba kowa buhu 3, taki buhu 1 ya ƙara. Wannan hanyar ita ake kira bambancin bambanci, kuma sharaɗinta shi ne ƙauyukan biyu su kasance dama tafiyarsu ɗaya kafin shirin.

Kuskure na biyu shi ne kwatanta waɗanda suka shiga da waɗanda ba su shiga ba. Matan da suka je karɓar ƙaramin bashi dama su ne masu kazar-kazar da sana'a, ko babu bashin za su fi sauran. Maganin wannan shi ne ƙuri'a: a zaɓi masu karɓa da ƙuri'a, yadda ba abin da ya raba rukunin biyu sai shirin. A kan wannan hanya Banerjee, Duflo da Kremer suka sami Nobel a 2019. Da ita aka gano cewa maganin tsutsar ciki a makarantun yammacin Kenya ya rage fashin yara da kusan kwata, aka kuma gano a ƙasashe shida cewa ƙaramin bashi ba ya fitar da yawancin masu karɓa daga talauci yadda aka yi ta yayatawa.

Ba ko'ina ƙuri'a ke yiwuwa ba. Jenny Aker ta bi yadda layin wayar salula ya riƙa isa kasuwannin Nijar ɗaya bayan ɗaya, ta nuna tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16. Christopher Udry ya zauna a ƙauyukan Zariya ya gano cewa biyan bashi tsakanin maƙwabta yana sassauci ko tsauri gwargwadon wanda masifa ta afka wa, mai bin bashin ko wanda ake bi. Kowane Bahaushe ya san haka ake yi. Abin da Udry ya ƙara shi ne awo.

A Kamaru shirin tallafin kuɗi ga gidaje marasa ƙarfi ya fara gwaji a Sulede-Ruwa da Ndop. Tsarinsa sefa 20,000 duk wata biyu, sai a wata na 12 da na 24 a ba da 80,000 a maimakon haka, jimilla 360,000. Dunƙulen 80,000 ɗin an sa shi ne don gida ya iya sayen dabba ko jarin sana'a. Ko ya yi hakan ko bai yi ba, tambaya ce da ake amsawa da irin hanyoyin nan.

Lissafi nawa ake buƙata? Ni bak na adabi na yi.

Ana buƙatarsa, ba ɓoye-ɓoye. A lisans, wato digiri na farko: aljabra, deribe da integral, matiris, ilimin yiwuwa da ƙididdiga. A mastar: ekonometri, wato gwada ka'idojin tattalin arziki da ƙididdiga, wanda a kansa komai ya tsaya. Mai bak C ko D, na ɓangaren kimiyya, yana shiga da sauƙi. Mai bak na adabi yana iya yi, amma ya ware hutun da ke gaban shekarar farko ya bi littafin lissafin ajin ƙarshe na D, musamman logaritim da deribe. Mafi yawan masu faɗuwa a shekarar farko a lissafi da ƙididdiga suke faɗuwa, ba a darasin tattalin arzikin kansa ba. Haddar kwas ba ta fisshe ka a nan. Sai ka warware atisaye da hannunka.

A ina ake karantawa, kuma nawa ne?

Tsarin LMD ne a ƙasashen biyu: lisans shekara 3, mastar 2, dakta 3 ko fiye. Jami'ar Ngaundere da ke Dang da Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, suna da tsangayar tattalin arziki da gudanarwa. An kafa Jami'ar Garwa a 2022. A Cadi akwai Jami'ar Njamena tun 1971, da na Mundu da Abeshe. Kuɗin rajista a tsangayoyin jami'o'in gwamnatin Kamaru sefa 50,000 ne a shekara. Ɗaki, abinci da fotokofi su ne ke cin kuɗi.

Ƙwarewa a fannin bunƙasa sai a mastar take farawa sosai. Yawunde ta Biyu da ke Sowa tana cikin shirin PTCI na haɗin gwiwar jami'o'in Afirka masu Faransanci. Cibiyar binciken tattalin arziki ta AERC da ke Nairobi tana tallafa wa mastar da dakta. A Faransa, cibiyar binciken bunƙasa ta CERDI a Kilermon-Feran ta daɗe tana karɓar ɗaliban yankinmu. Ta intanet kuma jami'ar MIT tana da jerin darussa a wannan fanni, kuɗin jarrabawarsu gwargwadon samun mutum ne.

Ana ta maganar kwankur, wato jarrabawar gasa, na shiga ISSEA. Ya cancanci wahalar?

Ƙwarai. ISSEA makarantar ƙididdiga ce ta CEMAC a Yawunde, kuma jarrabawar shiga ɗaya suke yi da takwarorinta na Abijan da Dakar. Mai lisans na tattalin arziki ko na lissafi yana iya neman sashen ISE, mai horar da injiniyoyin ƙididdiga da tattalin arziki, na shekara uku. Ana gwada lissafi, tattalin arziki, rubutun insha'i da fassara teburin alƙaluma. Akwai iyakar shekaru, don haka a karanta sanarwar shekarar da wuri. Tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu suna intanet kyauta. A fara su tun shekara ta biyu ta lisans, da agogo a gaba. Waɗanda suka fito daga nan su ne suka cika INS, INSEED da BEAC, babban bankin ƙasashen CEMAC.

Faransanci ya isa?

Ya isa lisans. Daga mastar, mafi yawan maƙalun bincike da Ingilishi suke, sai ka iya karanta shi ko da ba ka iya magana ba. Hausa, Fulatanci, Larabcin Cadi da Kanuri kuwa jari ne a fagen aiki, a rubuta su a takardar neman aiki.

Wace kwamfuta, wace manhaja, kuma ina ake samun bayanai?

Kwamfutar hannu ta biyu mai RAM giga 8 ta wadatar. Abin dubawa shi ne batir, saboda ɗaukewar wuta. Excel a fara da shi. Stata ita ce ta fi yawa a ofisoshi amma ta kuɗi ce. R kyauta ce kuma tana yin duk abin da waccan ke yi. Don tattara bayanai a waya, KoboToolbox tana aiki ko babu intanet, a tura in an dawo gari.

Ɗanyen bayanan gidaje ana nemansu a INS, INSEED, rumbun bayanan Bankin Duniya, da binciken lafiya na EDS da MICS. Abin da ke kayar da ɗalibai a nan shi ne mance nauyin gida. Binciken yakan ɗebi gidajen birni fiye da rabonsu, sai a ba kowane gida lamba mai nuna gidaje nawa yake wakilta. In ka yi lissafi ba tare da ita ba, talaucin zai fito ƙasa da gaskiya. Gwajin farko kullum: sake fito da lambar da ke cikin rahoton hukuma. In ba ta fito ba, kada ka ci gaba.

In zan tattara bayanai da kaina, me ke ɓata aiki?

Abubuwa da yawa, kuma a nan ne ɗan ƙasa ya fi baƙo.

Kuɗi tukuna. A kasuwa da dala ake ƙirga, a Larabcin Cadi da riyal, kowanne sefa 5. Mai tumatir ta ce «ɗari», tana nufin sefa 500. Mai tambaya ɗaya ya rubuta 100, wani ya rubuta 500, teburin ya lalace ba wanda ya sani. A kan iyaka, a Fotokol ko Amshide, wani da naira zai ba ka amsa. A sa gurbin nau'in kuɗi a kowace tambaya, a rubuta canjin ranar.

Sai mudu. Koro na gero a Njamena kusan kilo biyu da rabi ne, amma cikawa da tozo da shafewa ba ɗaya ba ne, buhu kuma suna ne kawai. A sayi ƙaramin sikeli, a auna kwanon kowace kasuwa da kowane hatsi kafin a fara.

Lokaci ma haka. Gidan da aka tambaya a watan Agusta, rumbu ya ƙare, da gidan da aka tambaya bayan kaka, ko bayan girbin masakwa a Fabrairu, za su fito kamar ba gari ɗaya suke ba. Azumi da Sallah suna kumbura kashe kuɗi. In za a kwatanta ƙauyuka, a zagaya su cikin makonni ɗaya.

Mene ne gida? Ƙa'idar ita ce masu cin tukunya ɗaya ƙarƙashin mai gida ɗaya. A gidan gandu mai 'yan'uwa uku da matansu, ko mai mata biyu a unguwa daban-daban, ko malami da almajiransa, sai an yanke hukunci ɗaya tun kafin fita, a rubuta, kowa ya bi.

Babbar ɓaraka ita ce tambayar maigida kaɗai. Ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, fura da ɗinkin hula da ake yi a cikin gida, yara na kai talla, da zubin adashe, sau da yawa bai san lissafinsu ba, wani lokaci ma ba a so ya sani. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Dole a tafi da mata masu tambaya, su zauna da matan gida su kaɗai.

Dabbobi kuma, makiyayi ba ya faɗa wa baƙo yawan shanunsa, ga tsoron haraji, ga al'ada. A wuraren da ƙungiyoyin agaji suka saba zuwa, kamar kewayen sansanin Minawawo ko Adire, duk mai riƙe da waya yana tambaya ana ɗaukarsa mai rubuta sunayen tallafi, sai kowa ya rage abin da ya mallaka. A faɗa tun a bakin ƙofa cewa babu rabon komai, a kuma haɗa amsa da abin da ido ya gani: rufin ɗaki, babur, turken dabbobi.

Wane batu ya dace da kundin mastar?

Ƙarami, mai bayanai a hannu. «Tasirin bashin waje a kan bunƙasar Afirka» an rubuta shi sau ba adadi, kuma da alƙaluman shekara talatin ba ya tabbatar da komai. Ga irin waɗanda suka fi: tazarar farashin dawa tsakanin kaka da damina, da ko ajiyar hatsi a sito don karɓar bashi tana biyan manomi bayan an cire asara da kuɗin ajiya. Abin da cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 ya yi wa farashin zuwa-zuwa, man fetur na fasa-ƙwauri, da kuɗin acaɓa a Marwa. Yadda rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya taɓa cinikin shanu da shinkafa. Asarar albasa a ajiya. Bashin taki na kamfanin auduga SODECOTON da yadda manomi ke raba shi tsakanin auduga da masara. Madatsar Maga ta 1979, wadda ta ba kamfanin SEMRY ruwan noman shinkafa ta kuma rage ambaliyar da masunta da makiyayan fadamar Logon ke rayuwa a kanta: wa ya samu, wa ya rasa, nawa?

Kafin ka kai wa malami batu, ka tabbata ka ga bayanan da idonka.

Karatun cike yake da lissafin kuɗin ruwa. Babu matsala a addini?

Hukunci na malamai ne, a tambaye su. Ta fuskar aiki, sashen awon talauci da tantance shirye-shirye ba ya buƙatar ka ba da bashi ko ka karɓa. Zakka, waƙafi da bankin Musulunci su kansu batutuwan bincike ne a fannin, kuma Kamaru da Cadi duka mambobin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ne, wanda ke ba da tallafin karatu.

Wane aiki ake samu?

Lisans kaɗai ba ta cika kai mutum ofis ba. Takan ba da damar rubuta kwankur na makarantar horar da ma'aikatan gwamnati, ENAM a Yawunde ko ENA a Njamena, ko aikin tattara bayanai na 'yan makonni. Da mastar da iya Stata ko R, ƙofofin su ne hukumomin ƙididdiga, ma'aikatun tsare-tsare da kuɗi, BEAC, Hukumar Tafkin Cadi mai hedikwata a Njamena, da sashen bibiya da tantancewa na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya PAM (abinci), UNICEF (yara), HCR ('yan gudun hijira) da ƙungiyoyin da ke aiki a Marwa, Kusiri, Baga-Sola da Abeshe. Yawancin na ƙungiyoyi kwantiragi ne na wata shida ko shekara, yana ƙarewa in kuɗin mai bayarwa ya ƙare. A wajen ɗauka sukan ba ka ɗanyen teburi su ce ka tsabtace shi ka fito da sakamako cikin awa biyu, don haka kada a raina aikin tattara bayanai lokacin hutu.

Wane izini ake nema kafin shiga ƙauye da takardar tambayoyi?

Takardar shaidar bincike daga tsangaya, sannan a kai ta ofishin sufurefe, jami'in gwamnati mai mulkin yankin, a buga hatimi. Daga nan a gaida lamido ko sarkin yankin, shi zai haɗa ka da lawan, jauro ko bulama na ƙauyen, wanda yakan ba ka ɗan rakiya. Ɗan rakiyar ya nuna gida ya tsaya a waje, domin ba mai faɗin bashinsa a gaban yaron mai gari. A Mayo-Saba, Mayo-Tsanaga, Logon-da-Shari da lardin Tafki a Cadi, a tambayi hukuma halin hanya a ranar tafiya, a dawo kafin la'asar. Sunayen mutane da lambobin wayarsu a ajiye su a fayil daban mai kalmar sirri, teburin da za a miƙa wa malami lambobi kawai zai ɗauka.